Yadda Ake Kafa Rundunar Sikawut a Ƙarƙashin Coci, Daga Zaman Farko Zuwa Kwanan Daji

Yaro yana ɗan shekara shida ko bakwai, da gudu yake zuwa makarantar Lahadi, yana haddace ayoyi yana rera waƙa. Da ya kai sha biyu zuwa sha uku sai ya koma kujerar baya, daga nan ya koma bakin ƙofa, wata rana a neme shi a rasa. Sau da yawa yaron bai lalace ba. Jikinsa da hankalinsa ne suka girma, yana son a damƙa masa aiki a hannu, abin da yake samu kuwa bai wuce a ce ya zauna ya saurara ba.

Wannan matsalar ce ta dami William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi a birnin Glasgow, wanda kuma hafsa ne a rundunar sojojin sa-kai. Ya lura cewa ranar Asabar manyan maza suna bin umurninsa a filin atisaye, amma ranar Lahadi yaran aji ɗaya su gagare shi. A ranar 4 ga Oktoba, 1883 ya kafa Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta Kirista, inda ya haɗa horo da karatun Littafi Mai Tsarki. Shi ne kuma ya ƙarfafa wa Robert Baden-Powell, hafsan sojan Birtaniya da daga baya ya kafa harkar sikawut, gwiwa ya sake tsara dabarunsa na leƙen daji domin yara, abin da ya kai ga zangon gwaji na tsibirin Brownsea a Ingila cikin Agustan 1907. Yara kimanin 20 suka halarta, wasunsu 'yan Boys' Brigade ne. Ke nan coci da harkar sikawut tun daga tushe tare suka taso.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kafin mu shiga matakan shi ne: abin da ke zaunar da matashi a runduna amana ce da aka ba shi. Kaki da ganga suna jawo shi, amma ranar da ya gane cewa yara bakwai suna jiransa kuma in bai zo ba aiki zai tsaya, ranar ce ya zama naku.

Mataki na ɗaya: ikkilisiya ta mallaki aikin

Kada ka fara da tara yara. Fara da fasto da dattawan ikkilisiya. Rundunar da ta tsaya a kan sha'awar mutum ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ta mutu. Ka nemi majalisar coci ta amince a rubuce da abubuwa huɗu: wurin taro da ranarsa, dattijo ɗaya da zai wakilci majalisa a kwamitin runduna, hanyar riƙe kuɗi, da wanda ke da ikon naɗa jagora ko sauke shi.

A wannan zaman ne za ku zaɓi uwar ƙungiyar da za ku shiga ƙarƙashinta, domin hanyoyin biyu ne. Ko dai coci ta ɗauki nauyin runduna ta yi mata rajista da ƙungiyar sikawut ta ƙasarku, wadda ƙofarta a buɗe take ga yaran kowane addini, kuma alkawarinta na asali ya ƙunshi sauke haƙƙin Allah. Ko kuma ku shiga ƙungiyar da tun farko ta Kirista ce: Boys' Brigade, ko Girls' Brigade da ta faro a Dublin a 1893, ko ta ɗarikarku in tana da ita. Cocin Adventist na da Pathfinders, wadda ta amince da ita a hukumance a 1950. Assemblies of God na da Royal Rangers tun 1962. A ɓangaren Katolika, Fada Jacques Sevin na cikin waɗanda suka kafa sikawut ɗin Katolika a Faransa a 1920.

Duk wadda kuka zaɓa, ku yi rajista. Na san akwai masu ganin ɓata lokaci ne, su ɗinka kaki su ƙirƙiro suna su fara. Sai dai rajistar ce ke ba ku manhaja, da horon jagorori, da bajojin da ake ganewa a ko'ina, da kuma wanda zai tsawata muku in kun kauce.

Mataki na biyu: manyan da za a ba amanar yara

A nan ne zan daɗe, domin duk wani kuskure ana iya gyara shi, banda wannan.

Kuna bukatar manya aƙalla uku kafin a buɗe ƙofa: babban jagora, mataimaki, da na uku mai cike gurbi in wani bai samu zuwa ba. In akwai 'yan mata a rundunar, dole a sami mace cikin jagorori a kowane taro da kowace fita. Kada a ɗauki mutum don kawai ya ɗaga hannu. A san shi a ikkilisiya na tsawon lokaci, ba baƙon da ya zo wata biyu da suka wuce ba. A tambayi mutum biyu da suka san shi a wajen coci. In dokar ƙasarku ta tanadi binciken tarihin masu aiki da yara, a yi shi, ko da mutumin ɗan fasto ne. Mai gaskiya ba ya jin haushin bincike.

Sai a rubuta ƙa'idoji, kowane jagora ya sa hannu:

Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ko a ofis, ko a mota, ko a bayan tanti. In akwai magana ta sirri, a yi ta a inda wasu ke hange amma ba sa ji. Babba ba ya kwana tanti ɗaya da yara. Babba ba ya aika wa yaro saƙon waya shi kaɗai, sai dai ta iyayensa ko a zauren da wani jagoran ke ciki. Babu duka, babu horon da ke wulaƙanta yaro a gaban 'yan'uwansa. In yaro ya kawo ƙorafi, a saurare shi, a rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, a dakatar da wanda ake zargi daga hulɗa da yara nan take, a sanar da iyaye da hukumar da doka ta ɗora wa alhaki.

Wani zai ce ai mu 'yan'uwa ne cikin Ubangiji, me ya kawo wannan zargi? A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar sikawut ta Amurka ta je kotu ta bayyana karayar arziki saboda ƙararrakin cin zarafin yara, kuma mutum sama da 82,000 ne suka gabatar da ƙorafi. Da yawa daga rundunonin ƙasar majami'u ne ke ɗaukar nauyinsu. Mai mugun nufi wurin da aka yarda da kowa yake nema. Kuma ikkilisiyar da ta rufe irin wannan magana don kare sunanta ta ci amanar yaron sau biyu. Ƙa'idar manya biyu tana kare yaro, tana kuma kare jagora mai gaskiya daga ƙazafi.

Bayan haka a tura su horo. Tun 1919 ake horar da jagororin sikawut a Gilwell Park kusa da Landan, kuma daga can tsarin ya bazu zuwa ƙungiyoyin ƙasashe. Iya wa'azi dabam, iya tafiyar da yara talatin a fili dabam. Aƙalla ɗaya cikin jagorori ya sami takardar shaidar agajin gaggawa.

Mataki na uku: ku fara da kaɗan, ku raba su rukuni-rukuni

In aka yi sanarwa a coci, yara sittin za su iya fitowa ranar farko. Kada ku karɓe su duka. Ku zaɓi shida zuwa takwas daga cikin manyansu, 'yan shekara 12 zuwa 14, ku yi wata biyu ko uku kuna horar da su su kaɗai. Waɗannan su ne za su zama shugabannin rukuni idan an buɗe ƙofa ga saura. Sannu ba ta hana zuwa.

Rukuni shi ne zuciyar aikin. Yara shida zuwa takwas, da sunansu, da tutarsu, da kirarinsu, da kusurwarsu a ɗakin taro. A Brownsea rukuni huɗu aka yi, kowanne da sunan dabba ko tsuntsu, kuma har yau haka ake yi: rukunin Zaki, rukunin Shaho, rukunin Damisa. Kowane yaro da aikinsa a ciki. Akwai shugaba da mataimakinsa, mai ajiyar kaya, magatakarda mai riƙe rajistar zuwa, mai jakar agaji, mai kula da wuta. Yaron da ba shi da aiki shi ne zai fara fashi.

A bar yaran su zaɓi shugabansu, jagora ya tabbatar. Sau ɗaya a wata shugabannin rukuni su zauna su tsara ayyukan wata mai zuwa, ɗayansu ya jagoranci zaman, babba yana gefe yana ba da shawara in an tambaye shi. Idan kana da umurni, ka gaya wa shugaban rukuni, shi ya isar. Duk ranar da ka tsallake shi ka yi wa yaransa magana kai tsaye, ka rage masa daraja a idonsu.

Abu mafi wuya ga babba shi ne riƙe hannunsa. Na taɓa tsayawa ina kallon wani rukuni suna kafa tanti. Sun buga turaku a miƙe tsaye, igiyoyin gefe ɗaya sun yi tauri, na ɗaya gefen sun saki. Shugabansu, yaro ɗan shekara 13, gumi na zuba a goshinsa, yana waigowa wajena. Tantin ya faɗi sau biyu. A karo na uku wani ƙaramin cikinsu ya ce a karkatar da turakun su ba wa tantin baya, a kuma ja igiyoyi kishiya da kishiya a lokaci ɗaya. Ya tsaya. Da na sa hannu da minti biyar ya ishe ni, su kuwa sai da suka ci minti arba'in. Amma daga ranar ba wanda ya sake koya musu kafa tanti, su ne ma suka koya wa waɗanda suka zo bayansu. Babba yana shiga ne idan akwai hatsari ga lafiya ko ana zaluntar wani. In ba haka ba, ya bar kuskuren ya yi aikinsa.

Kada a haɗa ɗan shekara 8 da ɗan 16 a rukuni ɗaya. Shi ya sa tun 1916 aka ware wa ƙanana nasu sashe a harkar sikawut. Rabon da ya fi sauƙi shi ne 8 zuwa 11, sai 11 zuwa 15, sai 15 zuwa 18. Ku fara da sashe ɗaya, sai ya kafu ku ƙara.

Mataki na huɗu: taron mako

Rana ɗaya, lokaci ɗaya, kowane mako, awa ɗaya da rabi. A fara a kan lokaci ko da yara huɗu ne suka iso, a tashi a kan lokaci domin iyaye su san sa'ar da za su ga 'ya'yansu.

Ga tsarin da na ga yana aiki. Minti goma na farko a jeru, a ɗaga tuta, a yi addu'a, shugabannin rukuni su duba tsabtar yaransu da rajista. Minti goma sha biyar wasa mai gudu da tsalle, domin yaron da ya wuni a aji ba zai saurare ka ba sai ya zubar da ƙarfin da ke jikinsa. Minti ashirin da biyar koyon sana'ar ranar a cikin rukuni. Minti ashirin gasa tsakanin rukunoni a kan abin da aka koya yanzu. Minti goma ibada. Ragowar sanarwa, sauke tuta, sallama.

Fareti yana da amfani: yana koya wa yara jin umurni da motsi tare. Sai dai na ga rundunoni da dama da suka koma 'yan fareti zalla, duk mako hagu-dama, sai ranar biki a fito da su su yi wa manyan baƙi maci. Irin wannan runduna ado ce ga coci, yaran kuwa ba su ƙaru da komai ba. Minti goma a mako ya isa, a ƙara in biki ya gabato.

Mataki na biyar: abin da za a koya

Ku fara da abin da hannu ke taɓawa. Kowane yaro ya sami igiyarsa mai tsawon kamu biyu. Ƙulli huɗu sun isa wata ukun farko: ƙullin bandeji, wanda ake yi dama kan hagu sannan hagu kan dama, ya kwanta lafau ba ya cin jiki, ƙullin haɗa igiya mai kauri da siririya, ƙullin turke, wanda da shi ake fara ɗaure sanduna, da madaukin da ba ya zargewa, wanda ake jefa wa mutumin da ake son jawowa. A gaya musu tun farko cewa ƙullin bandeji ba a haɗa igiyoyin ɗaukar nauyi da shi, yana iya warwarewa. Ka nuna sau ɗaya a hankali kana tsaye gefen yaron, ba gabansa ba, domin ya ga hannunka yadda zai ga nasa. Ya yi da kansa, sannan ya koya wa wani. Sai ya iya koyarwa za a ce ya iya.

Agajin gaggawa kuwa, a nan ne za ku yi ta fama da abin da yara suka saba ji. Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, kada a shafa mai ko man goge baki. Haɓo: a zauna a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hanci minti 10, ba a ɗaga kai sama. Jini mai zuba: a danne da ƙyalle mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Saran maciji: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, a kwantar da mutum, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi wasan kwaikwayo da waɗannan har su zauna a jiki.

Daga nan sai karatun taswira da kamfas, gane gabas da yamma ta inuwar sanda, hura wuta da kashe ta, girki, alamun bin sawu. Kowace sana'a tana da bajonta a manhajar uwar ƙungiya. Kada a ba yaro bajo don tausayi ko don mahaifinsa dattijon coci ne. Yara sun fi kowa sanin wanda ya cancanta, kuma da zarar sun ga an yi son kai, duk bajojin sun zama tsumma.

Aikin taimako ma darasi ne. Sau ɗaya a wata biyu rukuni ya zaɓi aiki: share harabar asibiti, gyara wa tsohuwa shinge, dasa itatuwa da ci gaba da ba su ruwa. Ya fi kyau wasu ayyukan su kasance a wajen coci, ga mutanen da ba 'yan ikkilisiyarku ba.

Mataki na shida: ibada

Minti goma da aka shirya da kyau sun fi wa'azin awa guda. Aya ɗaya, labari ɗaya, tambaya ɗaya, addu'a. A ɗaura ta da aikin ranar: ranar agajin gaggawa a karanta labarin Basamariye mai tausayi a Luka sura 10. Ranar ƙulli da igiya a buɗe Ibraniyawa 6:19, inda aka kwatanta bege da anga mai riƙe jirgi, ayar da Boys' Brigade ta ɗauko takenta da tambarinta daga ciki. Luka 2:52, wadda ta nuna Yesu yana girma cikin hikima da jiki da tagomashi a gaban Allah da mutane, ma'auni ce mai kyau ga shirin shekara gaba ɗaya: in ɓangare ɗaya ya rinjayi saura, a gyara. A bar yara su riƙa jagorantar ibadar bi da bi, fasto ya leƙo lokaci-lokaci.

In yaran maƙwabta da ba Kirista ba suka nuna sha'awa, a je wurin iyayensu a faɗa musu gaskiyar abin da ake yi, har da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. In sun yarda, su sa hannu. Kada a tilasta wa yaro furta abin da gidansu ba su amince da shi ba, kada kuma a ɓoye wa iyaye komai.

Mataki na bakwai: kuɗi da kaki

Kuɗin mako ya zama kaɗan, yadda mafi talaucin gida zai iya. Mutum biyu ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kuma a karanta rahoto gaban majalisar coci da iyaye sau biyu a shekara. Kaki ya zo daga baya. A shekarun farko yaran Smith hula da ɗamara da jakar rataye kawai suke ɗorawa a kan tufafinsu na gida. Ƙyallen wuya mai launin rundunarku ya isa shekarar farko. In an fara ɗinki, a buɗe akwatin da waɗanda kaki ya yi wa kaɗan za su riƙa mayarwa, a ba na baya a asirce.

Mataki na takwas: kwanan daji

Wannan ne yara ke mafarki, kuma nan ne rukuni ke zama rukuni na gaske. Boys' Brigade ta yi zangonta na farko a 1886, shekara uku bayan kafuwarta, don haka babu gaggawa. Ku fara da fitar wuni ɗaya, sannan kwana ɗaya a harabar coci, sannan kwana biyu a waje. Ba a fafe gora ranar tafiya: shiri ya fara mako shida kafin ranar.

Jagorori biyu su je su ga wurin da idonsu. A nemi izinin mai filin, a sanar da hukumar tsaro ta yankin, a tambayi mazauna wurin halin da ake ciki. A san asibiti mafi kusa da tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a kai, a tabbatar waya tana kamawa, kuma mota ta kwana a zangon. In akwai shakka game da tsaro, a soke. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kowane yaro ya kawo takardar izini da sa hannun iyaye, ɗauke da lambar waya, da bayanin ciwon da yake fama da shi kamar asma, farfaɗiya ko sikila, da maganin da yake sha, da abin da jikinsa ba ya karɓa. Babu takarda, babu tafiya, ko da yaron ya yi kuka. Babba ɗaya ga yara takwas shi ne mafi ƙarancin da zan yarda da shi, kuma kada manya su gaza uku, domin in ɗaya ya raka mara lafiya asibiti biyu su rage.

A kafa tantuna a tudu, ba a kwari ko busasshen rafi ba, kuma ba a ƙarƙashin busasshen reshe ba. Kowane rukuni da tantinsa da murhunsa, na maza nesa da na mata, na jagorori a inda suke hangen duka. Ramin bayan gida ya yi nisan mita 30 aƙalla daga inda ake ɗiban ruwa, kuma a gangare da shi. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa. Ba a shiga tanti da kyandir, fitilar kananzir ko gawayi: bayan gobara, hayaƙin gawayi yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Kowa ya zazzage takalminsa da safe kafin ya sa. Ba yaron da zai je ko'ina shi kaɗai, ko bayan gida ne, sai da abokin tafiya. Ba a shiga ruwa sai da babban da ya iya ceto yana tsaye a baki. A koya musu cewa busa usur sau uku alamar neman agaji ce.

A ƙirga yara da suna lokacin tashi, lokacin isa, kafin kowane cin abinci, da kafin barci. Da dare manya su raba gadi biyu-biyu. In ka zagaya da tocila wajen ƙarfe biyu, ka haska ƙasa, ka saurara daga waje. A nan ne za ka ji ƙaramin da ke shessheƙa don kewar gida, sau da yawa kuma za ka ji muryar shugaban rukuninsa yana rarrashinsa ƙasa-ƙasa. In ya lafa, ka wuce, da safe ka kira shugaban gefe ka yaba masa.

Kafin a tashi, a kashe wuta da ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa har hannu ya iya taɓa ta. A rufe ramuka, yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin suna tsince duk abin da ya faɗi, sannan a je a yi wa mai filin godiya. In an dawo, kada a sallami yaro sai a hannun wanda sunansa ke kan takardar izini. Tantin da ya jiƙe a shanya shi washegari kafin a naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna ya ruɓe. A taron mako mai zuwa shugabannin rukuni su zauna da magatakardansu su rubuta abu uku: abin da ya yi kyau, abin da aka manta a gida, da abin da aka ɗauka ba a yi amfani da shi ba. A ajiye takardar a akwatin kaya, da ita za a fara shirin zango na gaba.